Inna Tana Tambayar Ɗan Zarguna

Litinin, bayan azahar

Yau ma gyaɗar iri muka ɓare a gindin dogon yaro, ni da Inna da Rahama matar Yaya. Hajiya Hawa maƙwabciyarmu ta shigo da nata faifan, ta ce gidanmu ya yi shiru kamar an yi mana sata. Ta ce, "Ke Basira, ƴar lakwal mai karatun boko, ɗauko littafin nan da kike ɓoyewa ƙarƙashin tabarma. Hannu na aiki, kunne na zaman banza."

Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma na ɗauko.

Madam A'ishatu malamarmu ce ta ba ni shi ranar da na bar ajin sizyem na daina karatu. Da Faransanci yake. Rabin bangon ya yage, saura hoton wata mata cikin shuɗin mayafi har fuska, sai ƴar raga a wurin ido. Nakan karanta layi a zuci, sannan in faɗa da Hausa. Inda ban gane ba in tsallake.

Labarin wata ce a Afganistan, sunanta Zarguna. Burodi take gasawa a tanderu, a wani ƙauye cikin duwatsu. Yaƙi ya ci mijinta. Babban ɗanta Nasim ya tsallaka iyaka aikin bulo, ya ce zai dawo kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Hajiya ta ce, "Au, su ma cirani suke zuwa?" Ta yi dariya. Ita kaɗai ta yi.

Yaya ma cirani ya tafi. Ya ce wa Rahama ran Alhamis zai hau mota daga Kaduna, ya sayar da sauran rakensa, zai zo shuka. Alhamis ɗin ta wuce. Wata ma ta wuce.

Talata, hantsi

Inna ba ta faɗin sunan Yaya. Ɗan fari ne. Kaka ce ta raine shi a ƙauyen Kurni, sai da Baba ya rasu ya dawo gida. In ya durƙusa ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In wani ya tambaye ta labarinsa sai ta ce, "Ina na sani, ku tambayi matarsa." Rahama ma ba ta faɗin sunansa, miji ne. "Yayanku" take cewa.

Don haka a gidan nan ba mai tambaya. Inna ba ta da dama, Rahama ba ta da dama a gaban Inna, ni kuma bakina ba ya buɗewa.

Fura ta kwana a ƙwaryar Inna. Na zubar wa kaji.

Talata, bayan la'asar

Kafin in buɗe littafin Inna ta ce, tana kallon gyaɗa, "Yaron nan na mai burodi, ya isa?"

Na ce tukuna.

Ta ce, "To."

Laraba, bayan azahar

An hana mata fita a ƙauyen Zarguna sai da namiji. Ita ba ta da namiji, sai ƙaramin jariri na ƴarta. Tana so ta je tasha ta tambayi direbobi, ba hali. Sai ta tsaya bayan ƙofa, duk wanda ya zo sayen burodi ta miƙa masa ta ƙasan ƙofa ta ce, "Daga hanya kake?"

Hajiya Hawa ta yi ta zagin mazan ƙasar. Ta ce, "Wallahi da ni ce, da maburgi zan bi su. A hana ni fita? Alhaji ma ya gwada sau ɗaya, har yau yana ba da labari." Rahama ta yi ɗan murmushi. Na daɗe ban ga haƙoranta ba.

Na faɗi ƙanƙarar da ke saukowa kamar auduga ta rufe gidaje. Inna ta ce, "Yana da riga mai kauri?" Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce, "Duba da kyau." Na duba. Na ce yana da ita.

Babu wannan a ciki.

Alhamis, magariba

Ba labari.

Juma'a, da safe

Na raka Inna gidan likita, kanta yana sara mata. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ɗaura mata abin awo a hannu, ya duba, ya sake ɗaurawa. Ya kira Kawu Lawali, ƙanin Inna, gefe. Ni ina riƙe da takalmanta, ba su kula ina ji ba. Ya ce tansiyonta, wato hawan jini, ya kai inda ko ƙofa aka buga da ƙarfi za ta iya faɗuwa, in ta faɗi kuma ba lallai ta tashi ba. Ya ce kada a kai mata labarin tashin hankali kowane iri.

Kawu ya ce, "In labarin ya zo da ƙafarsa fa?"

Majo ya sunkuya ya rubuta ƙwayoyi.

A hanya mun gamu da motar da ke zuwa daga Ɗan Barto, bakin iyakar Najeriya, samanta cike da katifu da buhuna da keke. Ƴan cirani ne. Yara na bin ta da gudu suna kiran sunayen iyayensu. Inna ta juya tana kallon wani shagon faci har motar ta wuce.

Asabar, bayan azahar

Mun ƙaru. Matan layi sun ji labari, kowa da faifanta. Yanzu in sun shigo sukan ce, "Ya Zarguna ta kwana?" kamar ƴar unguwa ce.

Sadiya ƴar Hajiya Hawa, wadda ke kolej, ta zo ta tsaya tana danna salula. Na kai inda jirgi ya jefa wuta a kasuwar ƙauyen, Zarguna ta fita ba mayafi tana juya mutane ɗaya bayan ɗaya. Mata suka fara share ido. Sadiya ta ce, "Ku dai kuna da abin mamaki. Wani ne fa ya zauna da bik da takarda ya ƙirƙira. Ba Zarguna, ba ɗanta. Kuna ɓarnar hawaye."

Hajiya ta ce, "Rufe mana baki, ke da kika yi kwana biyu ba ki ci tuwo ba don an kashe wani a fim ɗin Indiya."

Inna ta ce, "Mun san ƙarya ce. Wa ya ce miki gaskiya muka zo nema?"

Sannan Inna ta yi kuka. Ban taɓa gani ba, ko ranar Baba a ɗaki ta yi nata. Yau a tsakar gida ta yi, a gaban kowa, tana cewa, "Baiwar Allah, baiwar Allah, ita kaɗai." Ba wanda ya ce mata ta yi kara. Ai don matar littafi take yi.

Da ta gama ta sha fura. Ta shanye.

Lahadi, hantsi

Salular Yaya tana shiga. Wannan ne ban rubuta ba. Ba a kashe take ba. Rahama takan kira a bayan rumbu inda rezo ya fi kyau, kira ya fi shiga, ta yi ta ƙara har ta katse. Jiya aka ɗauka. Ta sa mini a kunne. Ba magana. Iska, da wani zakara can nesa, da numfashi. Mun yi sallama, mun sake yi. Numfashin yana nan, a hankali, kamar na mai barci.

Wa ke sa mata caji?

Lahadi, bayan la'asar

Ina cikin karatu Inna ta ce, "Ai da tabo a ƙafarsa ta hagu. Ta nan za ta gane shi ko cikin mutum dubu."

Hajiya ta ce, "Yaushe aka faɗa? Ina wurin?"

Inna ta ce, "An faɗa."

Ban faɗa ba. Yaya ne mai tabo a ƙafar hagu, hauya ta sare shi yana yaro a Kurni. Inna ba ta je duba shi ba lokacin, saboda kunya. Rahama ta sunkuyar da kai, ta yi ta murza ɓawo ɗaya har ya zama gari.

Na juya shafi, sai ga kalmar tabo, da kalmar ƙafa, a layi ɗaya. Na rufe na ce idona yana ciwo.

Litinin, da safe

Na nemi layin nan, ban same shi ba. Na bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa. Wataƙila wani shafi ne. Wataƙila Faransancina ne.

Na kife littafin. Ba na son matar bangon tana kallon ƙofar ɗakin Yaya.

Talata, asuba

Na karanta gaba ni kaɗai. Da ban karanta ba.

Nasim ba ya dawowa. Wani mutum ne yake zuwa ƙofar Zarguna, ya ƙi karɓar burodi, ya faɗa mata ta bayan ƙofa. An tare motarsu a kan dutse. An bizne shi can.

Saura shafi kaɗan mu kai wurin.

Inna tana cin abinci ne kawai bayan karatu. In na daina, ba za ta ci ba. In na ci gaba, ga abin da ke gaba, ga kuma abin da Majo ya faɗa. Ita ba Nasim take tambaya ba. Kowa a gindin dogon yaron nan ya sani, har Sadiya.

Talata, bayan la'asar

Na yi bikin aure a ƙauyen Zarguna. Na sa an yanka rago, na sa amarya ta yi kuka, na sa wata tsohuwa ta faɗa cikin kwatami. Sun yi dariya. Babu ko ɗaya a littafin. Idona na kan takarda, bakina na tafiya shi kaɗai.

Inna ta bari na gama, ta ce, "Yaron fa?"

Na ce gobe.

Laraba, magariba

Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya. Iska ba ta motsa ba. Jemagu suka fito da wuri. Sannan ya watse ba ɗigo.

Mijin Maryam ta bayan gidanmu ya dawo daga Kano. Ta aiko mana da tsarabar sabulu. Inna ta ce a yi mata barka.

Ba labari.

Alhamis, bayan azahar

Hajiya ta ce, "Basira, labarin nan ya fara zagaye kamar ɗan akuya a turke. Jiya biki, shekaranjiya biki. A kai mu wurin yaro."

Sai na ce an tare motarsu, amma Nasim ya gudu cikin duwatsu. Wata tsohuwa mai tari ta tsince shi, ta ɓoye shi a bukkarta, tana ba shi ruwa. Ban san daga ina tsohuwar ta zo mini ba. Na ga dai fuskar Inna, sai ta fito daga bakina.

Inna ta ce, "Allah ya yi mata albarka. Allah ya sa ta gama da duniya lafiya." Mata suka ce amin. Addu'a sosai, da tafin hannu, ga matar da na ƙirƙira yanzu.

Ina jin tsoron Allah.

Alhamis, bayan la'asar



Mata sun watse, saura mu uku. Rahama ta kasa jurewa har ta je bayan rumbu, ta kira a nan tsakar gida, Inna na alwala kusa da mu. Aka ɗauka. Wani ya yi tari, tari mai tsawo. Sannan muryar tsohuwa ta ce, "Wa kike nema, ƴata?"

Rahama ta kalli Inna. Ta ce, "Mai wayar."

Tsohuwar ta ce, "Wanne? Suna da yawa. Faɗi sunansa."

Rahama ta buɗe baki ta rufe. Inna ta tsaya da buta a hannu, ruwa yana zuba a ƙasa, ba ta juyo ba. Rahama ta miƙo mini salular. Ni ce ke da dama. Ni ƙanwa ce, ba abin da ya hana ni. Na sa a kunne, ina jin numfashinta tana jira. Sunan ya ƙi fita, kamar ranar da mushe malaminmu ya tsayar da ni gaban allo.

Tsohuwar ta ce, "To, shi ke nan." Ta katse.

Mun sake kira. A kashe take. Yau ce rana ta farko da aka ce a kashe take.

Ba wanda ya yi mini faɗa. Da sun yi da ya fi.

Juma'a, hantsi

A kashe.

Asabar, bayan azahar

Na ce kaina yana ciwo, ba karatu. Mata suka zauna suna ɓara shiru, suka tafi da wuri. Inna ba ta taɓa tuwo ba. Ta ɗauki littafin da kanta, ta juya shi, ta daɗe tana kallon matar. Ta ce, "Ta cikin ragar nan tana ganin mu, mu ba ma ganin ta." Ta goge bangon da bakin zaninta, ta aje mini a cinya.

Lahadi, da safe

Na yi mafarki matar tana zaune cikinmu tana ɓare gyaɗa. Hannunta irin na Inna ne, har zoben azurfar. Ban ɗaga mayafin ba.

Litinin, magariba

Muntaka ya dawo. Shi ne abokin Yaya, tare suke tura baron rake, tare suka hau mota. A bayan moto, wato babur, aka kawo shi daga Ɗan Barto. Na gan shi ta katanga. An aske kansa, wuyansa ya yi tsawo, sai silifa ƙafa ɗaya. Mutane suka taru suna yi masa barka, yana kallon su kamar bai san Hausa ba.

Shi kaɗai aka kawo.

Hajiya Hawa ta shigo da gudu, ta kai tsakar gida, ta ga Inna, ta tsaya. Ta ce gishiri ta zo nema. Hajiya da ke sayar da gishiri.

Talata, hantsi

Kawu Lawali ya je gidan su Muntaka bayan sallar asuba. Ya daɗe. Da ya dawo bai shigo ba, ya zauna a zaure ya ce in kawo masa ruwa. Na kai. Bai sha ba, fuskarsa ya wanke, ya sake wankewa. Ya ce in kira masa Rahama, in ce maganar iri ce.

Na tsaya bayan ƙyaure. Ban ji duka ba. Na ji "an tare motar". Na ji "daji". Na ji "Muntaka da kansa ya zuba masa ƙasa". Na ji Rahama ta ce inna lillahi a hankali, kamar mai tsoron ta da jariri.

Kawu ya ce, "Innarku ba za ta ji ba tukuna. Sai tansiyon ya sauka. Ki daure, ƴata."

Rahama ta fito ta wuce madafa ta hura wuta. Itacen ɗanye ne. Ta daɗe cikin hayaƙin.

Ba zan rubuta kalmar ba.

Talata, bayan la'asar

An yi karatu. Tsohuwa mai tari ta dafa wa Nasim shayi. Ƙafarsa ta fara warkewa. Ya ce a gaida uwarsa.

Inna ta ce, "Ya ce haka?"

Na ce ya ce.

Mata ba su ɗaga kai ba. Duk sun sani. Hajiya ba ta zagi kowa ba yau. Ba a jin komai sai ƙarar ɓawo da muryata.

Inna ta ci tuwo loma uku.

Laraba, da safe

Rahama ta ja kallabinta ya rufe kunnuwa. Da ta sunkuya shara na gani, ta cire ƴan kunne. Ba kwalli a idonta. Takaba ta kama ta tun jiya, amma ba ta da halin shiga ɗaki, ba ta da halin karɓar gaisuwa. Sai ta yi ta a ɓoye, tana daka, tana ɗebo ruwa, tana cewa Inna "sannu da hutawa".

Maza suna zuwa su gaisa da Kawu a ƙofar shagonsa, ba a ƙofar gidanmu ba. Layinmu kowa yana tafiya a hankali. Mai tallan ƙosai ma ba ta kira a bakin zaurenmu.

Gari duka yana riƙe da abu ɗaya, Inna tana zaune a tsakiya.

Alhamis, bayan azahar

Inna ta yi jiri wajen randa, ta dafa bango. Mun kwantar da ita. Kawu ya ɗauko Majo a moto. Tansiyon bai sauka ba, hawa ya yi. Majo ya ce, "Wannan ba ta barci. Me take jira?"



Da suka fita ta ce mini, idonta a rufe, "Tsohuwar nan ta daɗe da yaron mutane. Ba ta san uwarsa na tsaye bayan ƙofa ba?"

Juma'a, hantsi

Rahama ta same ni ina wanke-wanke. Ta durƙusa kamar za ta taya ni.

Ta ce, "Basira, a littafin nan, da gaske akwai tsohuwa?"

Na girgiza kai.

"Ya dawo?"

Na girgiza kai.

Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya. Ta ce, "Kawu ba zai iya ba. Ya zo bakin ƙofarta jiya ya koma. Ni ba ni da bakin faɗa mata. Jiran nan shi zai kashe ta, ba labarin ba. Ki karanta mata abin da ke ciki."

Na ce in ta faɗi fa? Majo ya ce ba lallai ta tashi ba.

Ta ce, "In ta faɗi mu biyu muka yi."

Na ce ni ce dai zan buɗe baki.

Ta ce, "Eh. Ke ce." Ba ta lallashe ni ba.

Juma'a, magariba

Na duba kalmomin wurin duka, don kada in yi tuntuɓe. Na maimaita a bayan rumbu, awaki suna kallona. Har yanzu ban sani ba ko zan yi.

Hadari ya sake haɗuwa ya watse.

Asabar, bayan la'asar

Inna ta ce a fitar mata da tabarma gindin dogon yaro. Gyaɗa ta ƙare tun shekaranjiya, amma mata sun zo, hannu wofi. Hajiya ta zauna dab da bayan Inna, ta yadda in ta yi baya a jikinta za ta sauka. Rahama ta aje kofin ruwa da ƙwayoyi kusa da ƙafarta. Sadiya ma ta zo, ba salula.

Na buɗe. Na ce, "Tsohuwar nan, babu ita. Ni na sa ta."

Inna ta ce, "Karanta dai."

Na karanta. Mutumin ya zo, ya ƙi burodi. Ya tsaya a waje, ita a ciki, ƙofa a tsakani. Ya faɗi hanya, ya faɗi motar, ya faɗi inda aka sa shi, da cewa an yi masa salla. Ban tsallake ko layi ba. Ina karantawa ina kallon jijiyar wuyan Inna tana bugawa.

Ba ta faɗi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a miƙe, hannuwanta a kan gwiwa, har na ji tsoron ko haka ake faɗuwar.

Can ta ce, "Uwar me ta yi?"

Na ce ta buɗe ƙofa ta fita, ba namiji, ba mayafi. Ta hau dutsen bayan gari. Ba wanda ya tare ta.

"Ta kira shi?"

Na ce ta kira.

"Da sunansa?"

Na ce da sunansa. A can ba a hana ba.

Inna ta ce, "Karanta mini wurin."

Na duba takardar. Sunan yana nan sau uku, a jere, baƙi a kan fari. Nasim, Nasim, Nasim. Na tuna ran Alhamis. Na sa yatsa a kan layin.

Na ce, "Hashimu."

Sunan Yaya ne. Muryata ta fita da ƙarfi, ban san ina da ita ba. Har kaji suka tashi. Wata a baya ta ce la'ilaha illallahu. Ba wadda ta ce na yi kuskure.

Inna ta ce, "Sake."

Na ce, "Hashimu."

"Sake."

A karo na uku leɓenta ya motsa tare da nawa. Sauti bai fito ba. Sai hawaye, shiru, suna sauka ta haɓarta suna jiƙa zani. Hajiya ta riƙe kafaɗunta ta baya. Muka jira. Ban san iya daɗewar ba, inuwar dogon yaro dai ta bar tabarmar. Jijiyar wuyan tana nan tana bugawa.

Ta miƙa hannu, Rahama ta ba ta kofin. Ta sha ƙwayar, ta sha ruwan duka. Ta kama hannun Rahama ba ta saki ba.

Ta ce, "Tashi ki yi wanka ki shiga ɗakinki, ƴar nan. Kin wahala."

Ta juyo gare ni. Ta ce, "Rufe littafin. Je ki ce wa kawunki a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida."

Na je. Yana zaune a bakin shago da mutane. Na tsaya a gabansu duka, na faɗa masa.